Harshe Biyu, Littafi Babu: Abin da Ajin Firamare Ke Nema a Ƙasar Gummi

A wata makarantar firamare ta ƙauye, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur daga garin Gummi na jihar Zamfara ba, na ga malamin aji uku ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya ciro guntayen alli guda biyu naɗe a takarda, kamar yadda dattijo ke adana goro. Allon ajin shafen siminti ne a jikin bango, ya koɗe har ya koma ruwan toka. Sai da yara suka fasa tsohon batir, suka murza baƙinsa da ɗanyen ganye suka shafa, sannan rubutu ya riƙa fitowa. Malam ya ja layi daga sama har ƙasa ya raba allon gida biyu. A hagu ya rubuta darasin da Turanci yadda yake a littafinsa, a dama ya rubuta ma'anar da Hausa. Ƙananan haruffa yake yi, na bayan aji ba sa gani sosai, domin allin nan ne zai kai shi Juma'a.

Yaran suna zaune a ƙasa, wasu a kan buhu. Yarinyar da ke bakin ƙofa littafin rubutu ɗaya gare ta: ta gaba take yin Turanci, ta juya shi ta baya ta yi lissafi, Hausa kuma a tsakiya. Fensirinta bai kai tsawon ɗan yatsa ba, don guda ɗaya aka yanka da reza aka raba mata da ƙannenta. Littafin karatu kuwa, na Hausa ko na Turanci, ban gan shi a hannun yaro ko ɗaya ba. Kwafi ɗaya ne a ajin, shi ne wanda ke hannun malam.

Duk makarantar gwamnati a Gummi da Bukkuyum da Anka makarantar harshe biyu ce, ko an rubuta haka a takarda ko ba a rubuta ba. Yaro yana zuwa da Hausar da ya sha a nono, jarrabawar da ke jiransa a gaba kuma da Turanci take. Ga Larabci a darasin addini da Islamiyyar yamma. Wanda ya taso a ruga, da Fulatanci ya zo, Hausar ma sai ya koye ta a filin wasa. Malami yana tsaye tsakanin waɗannan harsuna da guntun alli, shi ne littafi, shi ne ƙamus, shi ne tafinta.

A takarda dai batun harshen koyarwa ya sha juyi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a yankinsa, daga baya a koma Turanci. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko da harshen gida za a yi, daga aji huɗu Turanci ya karɓa. A ƙarshen Nuwamba 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a yi shekara shidan firamare gaba ɗaya da harshen uwa, kuma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya faɗa da bakinsa cewa aiwatarwa sai an samar da kayan koyarwa da ƙwararrun malamai. Shekara uku bayan nan, a Nuwamba 2025, minista Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, Turanci ya dawo harshen koyarwa tun daga farko. Hujjar da ya bayar ita ce faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa.

Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, kafin a san da manufar 2022. Abin da ya fi wannan ma, littattafan da aka ce sai da su za a aiwatar ba su iso ajin da na shiga ba. An yanke wa koyarwa da Hausa hukunci alhali ba a gwada ta da kayan aikinta ba. Shi kuma Turancin da aka dawo da shi, ai ba littafinsa a hannun yaran. Ministoci biyu sun yi magana biyu masu karo da juna, amma malamin nan na ƙauye abin da yake yi a 2021 shi yake yi yau: ya rubuta a hagu, ya fassara a dama, yara su maimaita da ƙarfi.

Mun taɓa ganin yadda abin ke kasancewa idan an yi shi da gaske. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka soma gwajin koyar da yara shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, a darussa da dama ma sun fi su. Masu kafa hujja da wannan gwaji sukan manta da rabin labarin: sai da aka zauna aka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da zaman jama'a da Yarabanci, aka ƙirƙiro kalmomi, aka horar da malamai. Nasarar a kan tulin littattafai ta tsaya.

Aji mai harshe biyu ya fi aji mai harshe ɗaya cin kaya, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa koya wa yaro baƙi da wasali. Ɗauki allon haruffan nan na kwali da ake sayarwa a kasuwa, mai harafin A da hoton tuffa. Iyaye kan saya da kyakkyawar niyya, malamai su liƙa a bango. Babu ɓ a cikinsa, babu ɗ, babu ƙ, babu 'y, babu sh da ts a matsayin sauti guda. Yaron da zai rubuta ƙasa ko ɗaki ko ɓera bai ga harafinsa a bango ba. Ga kuma q da v da x, waɗanda Hausa ba ta aiki da su. Wasulan Hausa biyar ba sa yaudarar yaro: a dai a ce ko'ina ya same ta, shi ya sa yaron da aka koya wa ba, be, bi, bo, bu da kyau yakan fara haɗa kalma cikin 'yan watanni. Harafin a na Turanci kuwa yana da lafazi iri-iri gwargwadon kalmar da ya faɗa. Idan kwali ɗaya aka rataya don harsunan biyu, yaro zai haddace waƙar haruffa tsaf, amma ka nuna masa kalma ya kasa karantawa. Ana bukatar kwali biyu, katunan gaɓoɓi na Hausa daban, na sautukan Turanci daban, littafin karatu mai hawa-hawa a kowane harshe, da jagorar malami da ke nuna masa ranar da zai ƙetara da yaro daga wannan zuwa wancan.

Akwai wani ɗan tsani kuma da ba a cika ambata ba. Hausar littafi daidaitacciya ce, wadda ta fi kusa da ta Kano. Yaron Gummi yana cewa wanga inda littafi ya ce wannan, yana cewa yaz zo inda aka rubuta ya zo, farin abu a bakinsa hwari ne ko hari. Wannan ba matsala ba ce babba, malami ɗan gari yakan warware ta cikin minti ɗaya. Sai dai ba zai warware ta ba in babu shafin da zai ɗora yatsan yaro a kai ya ce masa ga yadda muke faɗa, ga yadda ake rubutawa.

To ina kuɗin kayan aiki suke maƙalewa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana aiki da shi, rabin wannan kuɗi tallafi ne da jiha ba za ta taɓa ba sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma akasarinsa gini da gyara da kujeru yake tafiya. Kashi 15 aka ware wa kayan koyarwa, kashi 10 horar da malamai. Littattafan da ake saye daga sama a rarraba sun fi karkata ga Turanci da lissafi da kimiyya da zaman jama'a, dukkansu a Turance. Daga Abuja su zo hukumar SUBEB a Gusau, daga nan ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hedimasta ya nemi mai babur ya ɗauko rabonsa. Kowane zango na wannan tafiya yana bukatar kuɗin mota, kuma makarantar da ta fi nisa da kwalta ita ce ke zama ta ƙarshe.

Alli da rajista da jan biro da fentin allo kuwa, su ne marayun kasafi. Ba su da tsadar da za a ba da kwangilarsu, ba kuma a yanka musu kirtani a ɗauki hoto. Aji sabo mai kwanon rufi shuɗi ana ganinsa daga bakin hanya, kwalin alli ba mai ganinsa sai ranar da babu shi. A yawancin makarantun ƙauye hedimasta ba shi da wani kuɗin gudanarwa tsayayye da ke shigo masa duk zango. Ilimin firamare kyauta ne bisa doka, don haka karɓar kuɗi daga iyaye abin tuhuma ne. Saura aljihun malami, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata.

Shi ma uba abin ya yi masa nauyi. Masana'antun takarda uku da Najeriya ta gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasa, takardar littafi daga waje ake shigo da akasarinta. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni, farashin littafin rubutu ya bi dala ya haura. Manomin da ke da yara biyar a makaranta, kuma gonarsa ta daji ba ta nomuwa saboda tsoro, in ya auna tsakanin kwanon gero da dozin na littafi, kowa ya san wanda zai ɗauka, ba kuma wanda zai zarge shi.

Yankin nan yana ɗauke da kayan da ba kowane yanki ke ɗauke da su ba. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yar Galma, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Dalma tana barin tabo a ƙwaƙwalwar yaron da ya tsira, ta rage masa natsuwa da saurin ɗaukar karatu. Irin wannan yaro shi ya fi kowa bukatar abin da zai riƙe da hannu, ya gani da ido, ya maimaita a gida. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, a Satumba aka sake ɗaukar ɗalibai a Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu. A Janairun 2022 hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka kori dubban mutane daga gidajensu. A Agustan 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a Gummi. Duk sanda irin wannan ta faru, makaranta ce mafakar farko. Wanda ya gudo da 'ya'yansa cikin dare bai yi laifi ba don ya kwana a aji, amma idan aka tashi, benci ya karye, littattafan da ke ofishin hedimasta ruwa ko gara sun gama da su, kuma babu wani asusun da ke mayar da su. Makarantun cikin gari kuma su cika maƙil da yaran ƙauyukan da aka tasa, kwafi ɗayan nan na malam ya zama na yara ninki biyu.

Ba za a ce ba a taɓa yin komai ba. Daga wajen 2015 shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya samar da littattafan koyon karatu da lissafi da Hausa na aji ɗaya zuwa uku a Zamfara da Katsina, har da makarantun Alƙur'ani da aka haɗa da boko. A maƙwabciyarmu Sakkwato da kuma Bauchi an yi Mu Karanta da tallafin Amurka. Wato aikin da ya fi wuya, na rubutawa da tsarawa da gwadawa a aji, an riga an yi shi. Amma littafin yaro ɗan shekara shida ba ya wuce shekara biyu ko uku a hannu kafin ya yage, shirin masu tallafi kuma yana da ranar rufewa. A Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, an kuma ga gyaran makarantu a sassan jihar. Ma'aunin da zan so a auna wannan dokar da shi mai sauƙi ne: a shiga aji biyu a Daki Takwas ko Nasarawar Burkullu ba tare da sanarwa ba, a ce kowane yaro ya ɗaga littafin karatunsa sama.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Arewa ta taɓa iya wannan aiki. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, sun buga ƙananan littattafan Hausa masu araha sun kai su ƙauyuka lokacin yaƙi da jahilci, a zamanin da babu kwalta babu kwamfuta. Dattawan da suka yi firamare a shekarun 1960 da 1970 har yau suna tuna Ka Koyi Karatu, da ranar da aka fara ba su Magana Jari Ce ta Abubakar Imam su karanta da kansu. Da Hausa suka fara, kuma cikinsu ne aka sami alƙalai da likitocin da Turancinsu ba ya da makusa.

Sannan ga makarantar allo a zauren da ke kallon firamaren. Ban taɓa jin an tashi almajirai don kayan aiki sun ƙare ba. Allon itace ne, masassaƙin gari ya sassaƙa. Alƙalami kara ne, yaro ke feƙe abinsa. Tawada daga baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro ake haɗa ta, in an haddace a wanke a sake rubutawa. Kowane yaro da allonsa, yana tafiya da shi gida. Ba ina nufin boko ta koma tawada ba. Abin lura shi ne tsarin da ya shekara ɗaruruwa yana aiki a nan ya ginu ne a kan abu biyu: kayan rubutu a hannun kowane ɗalibi, kuma samar da su a hannun mutanen gari. Firamare ta rasa duka biyun. Ƙaramin allon hannu na katako da aka shafa wa baƙin fenti, wanda kafintan Gummi zai iya yankawa ɗari a yini, zai ɗauke wa 'yan aji ɗaya da biyu rabin bukatar littafin rubutu. Marafan kwalba da 'ya'yan tsamiya da karan dawa sun isa koyar da ƙirga da tarawa da ɗebewa. Kwalin haruffan Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, mai rubuta allon shago zai zana shi a bangon aji da fenti, ya shekara biyar ba gara ba ruwa.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka akwai miliyoyin yara 'yan asalin Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka da ke zuwa makaranta da Sifaniyanci, kuma yawancinsu a unguwannin marasa ƙarfi suke, inda kuɗin makaranta ke da alaƙa da harajin gidajen unguwa. Su ma sun yi ta kai-komo a kan harshe: jihar Kalifoniya ta taƙaita koyarwa da harshe biyu ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 1998, ta dawo da ita a 2016. Wani binciken ma'aikatar ilimin Amurka da aka fitar a 2018 ya nuna kashi 94 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati suna sayen kayan aji da kuɗin aljihunsu, kimanin dala 479 kowanne a shekara. Bambancin shi ne malamin can yana da inda zai kai kuka. Akwai shafin intanet na DonorsChoose, wanda wani malami a birnin New York ya kafa a 2000, inda malami ke rubuta abin da ajinsa ke bukata jama'a su biya, kayan su zo makaranta kai tsaye. Malaminmu na ƙauye wani lokaci sai ya hau tudu kafin ya sami sabis ɗin waya. Amma dabarar a faɗi bukata dalla-dalla, a kawo kaya a maimakon kuɗi, kowa ya ga abin da aka kawo, ba ta fi ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko 'yan asalin Gummi mazauna Gusau da Sakkwato da Abuja ba.

Sai dai taimakon jama'a ƙari ne, nauyin na gwamnati ne. Abin da ya kamata jiha ta yi ba ya bukatar jiran Abuja ta gama shawara a kan harshe. Ta karɓi littattafan Hausa da aka riga aka tsara ta riƙa sake buga su duk shekara daga kasafinta, yadda ake sayen takin zamani duk damina. Ta tura ɗan kuɗin gudanarwa kowane zango kai tsaye zuwa asusun kwamitin kula da makaranta, wanda mai gari da liman da wakiliyar mata ke ciki, a karanta abin da ya shigo da abin da aka saya a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. An gwada irin wannan tallafi ga kwamitoci a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, ba baƙon abu ba ne a jihar. Kowace makaranta kuma a ba ta akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanda mutum biyu za su iya ɗauka su kai gidan mai gari ranar da ruwa ya taso ko aka ji ƙishin-ƙishin.

Kafin in bar makarantar nan na tambayi malam abin da zai fara saye da za a ba shi zaɓi. Na zaci benci zai ce, ganin yaran a ƙasa. Ya ce zaman ƙasa ba ya hana karatu, shi ma a kan buzu ya yi na allo. Abin da yake so shi ne littafin karatun Hausa da zai ishi kowane yaro ya tafi da shi gida, domin a gidaje da yawa akwai yaya ko uwa da ta iya haɗa baƙi, za ta zauna da yaron bayan magariba. Bayan shi kwalin alli, sai galan ɗin baƙin fenti. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, wani tsohon wilin mota ne rataye a bishiyar dalbejiya, ya mayar da abin da ya rage na allin cikin takardarsa, ya hana yara goge ɓangaren dama na allon, don 'yan aji huɗu za su shigo gobe su kwafa.